Sifirin da Bawa Maƙeri Ya Ƙera

Samarin da ke zama a bakin garejina kan ce tsohuwar mota ba ta da wuya. Ka saye ta da araha, ka zuba mata mai, in ta yi tari ka kira bakanike. Ina jin su ba na tanka musu, don ni ma na taɓa yin wannan tunani, ga kuwa lasin a aljihuna. Sunana Ummaru. Karatuna na allo ne da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ga kuskure a rubutun nan sai ya gyara. Labarin mota ɗaya za ni ba ku, wadda na riƙe a Sabon Birni zamanin Turawa, da abin da ta ci, da mutumin da na bari ta ci.

Na koyi aiki a Ƙauran Namoda, inda jirgin ƙasa ke tsayawa, wurin wani Bayarabe, Baba Lasisi. Kun san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa. Bawansa yake kirana. Ya ce tsagar da ke fuskata shi ya sa aka yi mini, don in na gudu a gane ni a maido masa. Ni kuma in ce masa kakansa ne ke yi wa kakana kiwon awaki, sai ya wurgo mini tsumman mai. Shekarar farko bai bar ni na taɓa inji ba. Wankin noti da kananzir nake yi, in ware su gwangwani gwangwani. Abin da ya fi tsananta a kai shi ne kowane noti da yatsa ake fara ɗaura shi, har ya kai ƙarshe, sannan a sa sifana. In ya tsaya a tsakiya, ba na wurin ba ne, a cire. Na sha mari a kan wannan fiye da komai.

Shekarata huɗu wurinsa Maigida Jari ya aiko nemana. Falke ne na garinmu, yana cinikin fata da kanwa tsakaninmu da ƙasar Faransa da ke ƙetaren iyakarmu, da kaka kuma ya sayi gyaɗa. Ya sayo ƙaramar mota baƙa mai ƙofa huɗu a Gusau, hannun wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, shi kuma Kwaran wurin Baturen da ya tafi gida ya same ta. Bayanta a dunƙule yake, shi ya sa mutanen gari suka sa mata Kunkuru. Ran da na karɓe ta na shiga ƙarƙashi na kwance man giya. Ya fito da kauri kamar kunu, na murza a yatsa na ji garin katako, wanda aka zuba don giyar ta daina kuka har a gama ciniki. Maigida yana tsaye da baƙi ya tambaye ni yaya na gan ta. Na ce sai ka ce yau ta fito daga jirgi. Ina son aikin, kuma babu wata mota a garin sai ita. Wannan shi ne laifina na farko, kuma ba shi ne babba ba.

Taya ta fara ci. Hanyarmu zuwa Isa yashi ne da ƙaya, akwai ranar da na yi faci sau biyar kafin azahar, ina busa iska da famfon hannu har kafaɗata ta mutu. Fetur a garwa ake kawo shi daga Ƙaura, in an zuba sai an tace da tsohuwar hula saboda tsatsa. Ruwan rijiyarmu yana da kanwa, yana kashe batir, saboda haka da damina nake shanya kwanon tangaran a tsakar fili in tari ruwan sama, in cika kwalabe na shekara. In ruwa ya sauka gulbi ya cika, hanya ta rufe ke nan, sai mu ɗora ta a kan tsofaffin turame huɗu ƙarƙashin rumfa. Wata huɗu ba ta motsi, amma ba ta daina ci ba. Ɓera ya cinye waya da audugar kujera, gara ta shiga katakon ƙofa. Kowace shekara kafin ta sake hawa hanya sai Maigida ya sayar da sa guda. Yakan ce raƙumansa shida suna neman abincinsu a daji, wannan baƙar kuwa sai an kawo mata nata daga Kano.

Kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda maciji ya sara, duk wadda naƙuda ta yi wa tsanani, ƙofar Jari ake zuwa, kuma ba a cewa a'a. Mutum huɗu da akwati ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. Mutum bakwai muke sa mata, da buhun kanwa biyu a baya. Na san haka yana cin sifirin, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Ban taɓa faɗa ba, don ina jin daɗin a ce Kunkurun Ummaru ba ta ƙin kaya.

Wata tafiya da muka yi Maraɗi na shiga garejin wani mutum na sayi noti cike da gwangwani, da araha. A nan ne abin yake, ku saurara. Ingilishi da nasa awo yake yanka zaren noti, Faransa da nasa. A ido ɗaya ne. In ka sa notin Faransa a kusar Ingilishi zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ce tauri ne, ya matsa. Yana matsawa yana cinye zaren kusar, abin ya ɗauru gam a hannu, alhali ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan garin ƙarfe. Ni na sani. Na saya ne don ƙananan wurare, irin murfi da lamba.

A shekarata ta uku, ƙarshen rani, uwar sifirin ta baya ta karye mana kusa da Gatawa. Uwar sifirin ita ce babban fallen da ke da ido a kowane gefe, sauran fallaye a ƙarƙashinta suke kwance. Na ɗaure da itacen ƙirya da igiyar fata muka lallaɓo gida. Sabuwa sai an yi aike Kano, ta biyo jirgi, wata biyu in an yi sa'a. Maigida ya ce kayansa suna jiransa a Ƙaura kuma ruwa ya kusa sauka, ba ya jiran wata biyu. Sai na tuna da Bawa.

Bawa Maƙeri ya girme ni da shekara ashirin. Rabin hauya da galma da sungumin da ake noma da su a garinmu daga maƙerarsa suka fito. Ƙarfen da yake aiki da shi, guntayen dogo da tsofaffin sifirin manyan motoci, Maigida Jari ne ke kawo masa daga Ƙaura. Da na kai masa aikin ya juya shi ya juya, ya ce shi bai taɓa ƙera abin da mutane za su hau ba, in hauya ta karye gona kaɗai ke jira. Na matsa masa. Na ce duk Gobir ba mai hannunsa, na ce Maigida ne ya aiko ni. Ya zaɓi fallen wata babbar mota, ya rage faɗinsa, ya naɗe idon a jikin sandar ƙarfe yana gwadawa da tsohon. Kwana uku muna kai, ina ja masa zugazugi. Na ce a tsoma shi a man gyaɗa, ba a ruwa ba, ya ce ya sani tun ban iya tafiya ba. Da ya gama ya aza shi kan duwatsu biyu ya hau tsakiya ya yi tsalle. Ƙarfen ya lanƙwasa ya dawo. Na ga na kamfani da yawa, wannan bai gaza su ba.

Ran da za ni ɗaura shi mutane suka taru a ƙofar gida don su ga ƙirar Bawa a jikin motar Bature. Sifirin yana zama ne a kan ƙarfen ƙafafun baya, wasu kusoshi biyu masu lanƙwasa kamar baka suna rungume su, kowace da noti biyu. Da na zo ɗaurawa na tarar noti biyu sun lalace. Ba ni da na Ingilishi masu wannan girma. Abin da ya kamata in ce shi ne a dakata kwana huɗu in je wurin Baba Lasisi in dawo. Amma ga Maigida a kan kujera, ga jama'a, ga ni na riga na ce kafin la'asar za ta tashi. Na sa hannu a gwangwanin Maraɗi. Zagaye uku suka cije. Na zura bututu a bakin sifana don in ƙara ƙarfi, na taka da ƙafa. Na ji lokacin da zaren ya tafi, wani laushi ne ke zuwa hannu, duk bakanike ya san shi. Na shafa giris a kai na fito ina murmushi.

Kwana biyu bayan haka muka kama hanyar Ƙaura, ni da Maigida da wasu abokan cinikinsa uku. Mun wuce Isa, muna gangarawa cikin gulbi wanda a lokacin yashi ne kawai, sai na ji bayan motar ya goce. Ƙafar baya ta ja da baya, motar ta juya ta daki gaɓa ta kwanta a gefe. Ba wanda ya mutu. Hannun Maigida na dama ya karye a wuri biyu. Na rarrafa ƙarƙashi. Kusa ɗaya tana lilo, ba noti, zarenta sumul. Uwar sifirin ta rabu biyu a tsakiya, don in maɗaurin ya saki, ƙarfe ya yi ta rawa, dole ya karye a nan ko wa ya ƙera shi. Na zare kusar na tura ta cikin yashi na rufe da ƙafa.

Maigida yana kwance a inuwar gaɓa, an tallafe masa hannu da rawani. Ya ce, "Ummaru, mi ya faru?"

Na ɗaga guntayen biyu na ce, "Ƙarfe ya karye, ranka shi daɗe."

Ban ƙara kalma ba. Ban ce laifin Bawa ne ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma duk wanda ke wurin ya san wa ya ƙera ƙarfen.

Shanu suka ja motar zuwa gida. Kafin maɗori ya kwance karan da ya ɗaura wa Maigida, magana ta gama gari. Wasu suka ce Bawa ya yi ha'inci ya sa ruɓaɓɓen ƙarfe. Tsofaffi suka ce a'a, ƙarfe ne ya juya masa baya, don ya bar ƙirar ubansa ya taɓa abin Nasara saboda kwaɗayi, kuma maƙerin da ƙarfe ya juya wa baya ko allura ya yi ba ta da albarka. Wannan ta fi muni. Maigida ya yi rantsuwa a gaban masallaci cewa ko guntun dogo ɗaya ba zai sake shiga maƙerar Bawa ta hannunsa ba. Lokacin bazara ne, lokacin da kowane manomi ke kai kayan gonarsa gyara, a cikinsa maƙeri ke samun abincin shekara. A wannan shekara mutane suka ɗauki hauyoyinsu suka tafi Isa.

Bawa ya zo ya same ni a rumfar mota da hantsi. Bai yi faɗa ba. Ya roƙi in nuna masa guntayen. Ya daɗe yana duban bakin karayar, ya shafa da babban yatsa, ya duba idon da ya naɗe, yana nan lafiya.

Ya ce, "Wanga ƙarfe ba shi da ciwo. Rawa ya yi kafin shi karye. Mi ya sa shi rawa?"

Na ce hanya ba kyau, Baba.

Ya ce, "Kusoshin da ka rungume shi fa, ina suke?"

Na ce ɗaya ta ɓace a yashi. Ya dube ni, ya ajiye guntayen a hankali.

"To. Kai ka san mota. Ni ƙarfe kaɗai na sani."

Damina ta wuce maƙerarsa ba hayaƙi. Na ga matarsa tana sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Bayan an yi girbi ya ɗora uwar maƙera da zugazugi a kan raƙumin haya, ya koma wani ƙauyen dangin uwarsa bayan iyaka, ta hanyar Madawa, tafiyar yini a jaki. Ni kuwa ina nan ina cin tuwon gidan Jari.

Da hanya ta buɗe na tafi Ƙaura sayen kaya. Na ba Baba Lasisi jerin abin da nake so. Ya karanta, ya kai kan kusoshin maɗauri ya tsaya. Ya ce falle ne aka ce ya karye, me ya haɗa shi da sabuwar kusa. Na ce tsohuwar ta tsufa. Ya ce in kawo ya gani. Na ce ta ɓace. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko har yanzu maigidana yana zuwa Maraɗi. Na ce yana zuwa.

Ya ce, "Bagobiri, shekara huɗu ina ciyar da kai, ashe jaki nake kiwo. Da bututu ka matsa ko da ƙafa?"

Na ce duka biyu. Ya tambayi wa aka ɗora wa laifin, na faɗa masa. Bai mare ni ba, bai kuma kira ni bawansa ba, kuma daga ranar bai sake yi mini wasa ba. Ya ba ni kayan ya ce in biya a wurin akawu kamar kowane baƙo.

Da na dawo na shiga zaure na faɗa wa Maigida duka, mu biyu. Na zaci zai kore ni. Ya daɗe yana murza hannun nan da bai miƙe daidai ba. Sannan ya ce maganar ta tsaya nan. Shi ya yi rantsuwa a gaban jama'a, ba zai fito ya ce an yi wasa da hankalinsa ba, kuma in ya kore ni wa zai tuƙa masa mota. Ya ce in je in gyara ta. Na fito ina jin sauƙi, Allah ya yafe mini. Na ce ai na faɗa. Na ƙara wata uku a haka.

Abin da ya tashe ni ƙarami ne. Wani manomi ya zo rumfata da galmar da aka yi masa a Isa, bakinta ya naɗe, yana tambaya ko ina da guduma. Yana bugawa yana cewa da can ta Bawa shekara biyar take yi, Allah ya isa tsakaninsa da kwaɗayin da ya ɓata mutumin. Washegari na ari jaki na ƙetare.

Na sami Bawa a ƙarƙashin wata rumfar kara yana gyaran wuƙa. Na durƙusa na faɗa masa tun daga gwangwanin Maraɗi har kusar da na binne. Bai daina aiki ba.

Ya ce, "Na sani tun ran da na ga karayar. Ni kaka gaya wa? Ni ban taɓa cewa ƙarfena ba shi da kyau ba. Waɗanda sunka ce, suna Sabon Birni."

Na ce Maigida ya hana. Ya ce to, in sha ruwa in huta, rana ta yi.

Ran kasuwa na je wurin sanƙira mai shela, na ba shi goronsa na faɗa masa abin da zai ce. Ya ce bai taɓa yi wa mutum shelar laifin kansa ba, kuma yana tsoron Jari, sai in na tsaya a gefensa. Na tsaya. Muka bi rumfunan hatsi da na fata da wurin dabbobi yana faɗi: Ummaru direba ya ce a gaya wa jama'a, ƙarfen Bawa lafiya lau yake, shi Ummaru ne ya ɗaura da notin da ba nasa ba, ya sani, ya ɓoye. Yawancin mutane ba su gane zancen noti ba. Wasu suka yi dariya, mahauta suka bi mu da shewa. Wani tsoho ya riƙe mini riga ya ce shi abin da yake so ya ji, hauyar Bawa tana da albarka ko ba ta da. Na ce tana da. Ya ce to wa za shi maido shi.

Kafin la'asar an fito mini da tabarmata da akwatin sifana an ajiye a ƙofar gidan Jari.

Na koma wurin Bawa na faɗa masa an yi shela, na roƙe shi ya dawo. Ya ce ya riga ya yi ɗaki, ya sami gona, ba ya sake ɗora uwar maƙera a raƙumi da tsufansa. Amma wanda ke son ƙirarsa ya aiko. Bazara ta matso, manoma ba su da kwana biyun da za su ɓata a hanya. Haka na zama mai jaki. Kowane mako in bi gida gida in tattara hauya da galma, in ƙetare, 'yan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, suna tambayata ina motar, in kwana, in dawo da waɗanda aka gyara. Na yi haka har ruwa ya sauka, na kuma yi bazara biyu bayanta kafin in sami aiki a wata babbar mota a Isa. Maƙerarsa ta sake hayaƙi, har daga Gatawa ake aiko masa.

A tafiyar farko, da ya gama aikin, na jera kayan a kan jaki na ɗaure da igiya, na yi masa sallama. Ya taso ya zagaya jakin. Ya sa yatsa a ƙarƙashin igiyar ya ja. Ɗaurin ya yi, ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Duk da haka ya kwance shi gaba ɗaya, ya sake ɗaurawa da hannunsa.

Na ce, "Baba, ai ya ɗauru."

Ya ce, "Na gani. Ka yi haƙuri, Ummaru, na yafe maka. Amma ƙarfena na."

Bazara uku ina zuwa, bai taɓa bari na ɗaure ba.